Darasi na 9: 'Ya'yan Itacen Sea Buckthorn, Amfaninsu da Iyakarsa

A 'yan shekarun nan, wasu kantunan magani na manyan birane da masu talla ta wayar hannu sun fara sayar da wani mai mai launin ruwan lemo, da kafso, da gari, waɗanda aka rubuta wa sea buckthorn a jikin kwalba, ana kuma jingina musu warkar da cututtuka barkatai. Wannan darasi zai bayyana itacen da ake samo waɗannan kaya daga gare shi, da abin da bincike ya gano game da shi, domin duk wanda aka tallata wa ya san abin da zai duba kafin ya zaro kuɗinsa.

Itacen da ƙasashen da yake fitowa

Sea buckthorn itace ne gajere mai yawan ƙaya, ganyensa siriri ne mai ɗan fari-fari, 'ya'yansa kuma ƙanana ne, tsawonsu bai cika wuce santimita 1 ba, suna fitowa a cunkushe a jikin reshe. Masana tsirrai suna kiransa Hippophae rhamnoides, kuma ya kamata ku riƙe wannan suna, saboda shi ake rubutawa a jikin kaya na gaskiya. Itacen ƙasashen sanyi ne, yana jure sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, don haka ba ya cikin itatuwan dazuzzukanmu. Ana samunsa a ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawansa, da Mongoliya, da yankin Saberiya na Rasha, da tsaunukan Ladakh a arewacin Indiya, da kuma gaɓar teku a arewacin Jamus da Finlan.

Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa taki kamar yadda saiwar gyaɗa da wake ke yi, tana kuma riƙe ƙasa da ƙarfi, shi ya sa hukumomin Sin suka dasa shi da yawa a tuddan da ruwa ke zaizayewa a yankin Kogin Rawaya. Tsinkar 'ya'yan aiki ne mai wahala, domin ƙaya tana sukar hannu, 'ya'yan kuma suna fashewa idan an matsa su. A wasu gonakin Turai sai a yanko reshen gaba ɗaya, a daskarar da shi, sannan a kakkaɓe 'ya'yan. A Mongoliya kuwa akan jira hunturu ya daskarar da su a kan itacen. Wannan wahala tana cikin dalilan tsadar man tun a can, balle a ce ya tsallako teku ya iso gare mu.

Abin da ke cikin 'ya'yan

'Ya'yan suna da tsami ƙwarai, ba a cika cin su haka nan ba, sai dai a matse ruwansu a sa sukari ko zuma. Abin da suka fi shahara da shi shi ne bitamin C. A cikin giram 100 na lemon zaƙi akwai kusan miligiram 50 na wannan bitamin, amma a cikin giram 100 na waɗannan 'ya'ya sau da yawa akan sami miligiram ɗaruruwa, gwargwadon irin itacen da ƙasar da ya fito. Jiki yana buƙatar bitamin C domin warkar da rauni, da ƙarfafa dasashi, da kuma tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda rashinsa ke jawo ƙarancin jini.

Akwai kuma mai iri biyu. Na farko ana tatso shi daga tsokar 'ya'yan, launinsa ja-ja ne, yana ɗauke da wani kitse da ake kira omega-7, wanda ba kasafai ake samunsa da yawa a tsirrai ba. Na biyu daga ƙwallon ciki ake tatso shi, launinsa ya fi haske, yana ɗauke da omega-3 da omega-6. Dukkansu suna da bitamin E. A nan akwai abin da masu talla ba sa faɗa: bitamin C a cikin ruwan 'ya'yan yake narkewa, ba ya shiga mai, saboda haka wanda ya sayi kwalbar mai ko kafson mai da niyyar samun bitamin C bai sami abin da ya nema ba.

Yadda masu shi suke amfani da shi

Masu maganin gargajiya na Tibet da Mongoliya sun yi ɗaruruwan shekaru suna ba da shi domin tari, da majina, da rashin narkewar abinci. A shekarar 1977 aka shigar da shi cikin kundin magunguna na hukuma na ƙasar Sin. A Rasha, wata cibiyar binciken aikin lambu da ke birnin Barnaul ta daɗe tana samar da iri masu ƙarancin ƙaya, kuma ana sayar da man a kantunan magani na ƙasar domin shafawa a rauni da ƙuna. A Jamus kuwa an fi saninsa a matsayin abin sha da abin shafa wa burodi.

Abin da bincike ya nuna

Daɗewar al'umma tana amfani da abu dalili ne na a bincike shi, amma binciken ne ke nuna ko yana aiki. Masu bincike na Jami'ar Turku a Finlan sun gwada shi a kan mutane, kuma sakamakon da suka samu ya cancanci a tsaya a kansa. A wani gwaji da aka wallafa a 2008, an raba mutane 254 masu lafiya gida biyu, aka ba wa rukuni ɗaya giram 28 na markaɗaɗɗun 'ya'yan kullum har kwana 90, ɗaya rukunin kuma aka ba shi wani abu mai kama da shi wanda babu 'ya'yan a ciki, ba tare da kowa ya san wanne yake ci ba. Da aka ƙidaya, mura ta kama rukunin biyu kusan daidai, ba ta kuma yi saurin sakin masu cin 'ya'yan ba. Abin da aka gani shi ne raguwar wata alama ta kumburi a cikin jininsu.

A wani gwajin da aka wallafa a 2010, masu fama da bushewar ido sun sha giram 2 na man kullum har wata 3, aka sami ɗan sauƙin ja da raɗaɗin ido a wajensu. Akwai kuma ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna cewa yana iya taimaka wa ƙuna ta warke. Maganar gyambon ciki da hanta da ciwon daji kuwa, yawancin abin da ake kafa hujja da shi gwaji ne a kan ɓeraye ko a ɗakin bincike, kuma abin da ya yi aiki a jikin ɓera ba lallai ne ya yi a jikin mutum ba. Babu wani gwaji da ya tabbatar da cewa yana warkar da ciwon daji, ko ciwon suga, ko hawan jini, kuma duk mai tallan da ya ce ku ajiye maganin asibiti ku koma kansa yana wasa da ranku ne.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

'Ya'yan da man suna iya rage saurin daskarewar jini, don haka mai shan maganin tsinka jini irin su asfirin da warfarin, da wanda aka sa wa ranar tiyata, kada su sha sai sun tambayi likita. Haka ma mai shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, domin haɗa su na iya sauke jinin ko sugan fiye da kima. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar kafson da man, tunda ba a yi isasshen gwaji a kansu ba. Idan wuta ko ruwan zafi ya ƙona mutum, ba a fara shafa kowane irin mai. Ana kwarara ruwa mai sanyi ne a wurin na kusan minti 20, sannan a tafi asibiti idan ƙunar tana da faɗi ko zurfi.

Idan kun yanke shawarar saya

Ku nemi sunan Hippophae rhamnoides a jikin kwalbar. Akwai wani itace daban da ake rubuta wa buckthorn kawai, ba tare da kalmar farko ba, shi kuma magani ne mai ƙarfi da ke sa zawo. A Najeriya ku duba lambar hukumar NAFDAC, ku duba ranar da kayan zai daina aiki, ku kuma ƙi duk kwalbar da aka shanya a rana a kan tire, domin zafi yana lalata man.

Idan kuwa bitamin C kuke nema, babu buƙatar jiran kaya daga Saberiya. Giram 100 na gwaiba yana ɗauke da fiye da miligiram 200, wato ya ninka abin da babban mutum ke buƙata a yini. Garin 'ya'yan kuka ma ya fi lemon zaƙi nesa ba kusa ba, ga kuma lemon tsami da gwanda da ɗanyen tumatir. Sai dai a tuna cewa dogon tafasa yana kashe wannan bitamin, saboda haka a ci su ɗanye, garin kukar kuma a dama shi da ruwan da ba mai zafi ba.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zo da kwalba ko kwalin wani magani daga gida, ya nemo lambar hukuma da ranar daina aiki, ya kwafe su cikin littafinsa. Bayan haka ya rubuta jimloli 3 da ke bayyana dalilin da ya sa kafson man sea buckthorn ba zai ba shi bitamin C ba, ya kuma tambayi farashin gwaiba a kasuwar garinsu domin a kwatanta shi da farashin kafson a darasi na gaba.