Yadda Za Ka Haɗa Ƙaramin Sutudiyo a Ɗakinka da Laftof

Fara da laftof ɗin da ke hannunka. In RAM ɗinta ta kai 8GB, ta isa. Sauke manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, kyauta ce.

Na biyu, nemi na'urar shigar da sauti mai haɗuwa ta USB, irin Behringer UM2 ko Focusrite Scarlett Solo, da makirufo da wayar XLR, wadda ke haɗa makirufon da na'urar. In a Kano kake, zagaya Beirut Road da Sabon Gari ka kwatanta farashi, kuma kada ka biya sai an gwada a gabanka, musamman in na hannu ne. In makirufon kondensa ka saya, wato irin wanda ke buƙatar wuta, sai ka danna maɓallin 48V da ke jikin na'urar, in ba haka ba shiru za ka ji.

Na uku shi ne ɗaki, kuma nan ne aikin yake. Bangon siminti yana mayar da murya. Jingina katifa a bayanka, ka rataya barguna a bango da taga. Kashe fanka, ko da zafin Afrilu ya ishe ka. Ka bari sai dare, bayan 'yan Adaidaita Sahu sun ragu, janareton maƙwabta ya mutu. In ka ji wata ƙara na ɗan kuwwa a ƙasa-ƙasa, cire cajar laftof ka yi aiki da batir. Yawanci daga wutar take.

Sai ka sa hedifon a kunne, kada ka kunna sifika. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka murɗa ƙarfin sauti a jikin na'urar har ya riƙa tsayawa wajen -12dB a ma'aunin sauti na Audacity. Ɗauki baiti guda ka saurara, sannan ka ajiye shi a tsarin fayil ɗin sauti na WAV.