Yadda za ka zaɓi talabijin tsakanin filasma da LCD ba tare da an saida maka wahala ba

Duk wanda zai shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ko ta Jega neman talabijin, ko don ɗakinshi ko kayan ɗakin ɗiya ko gidan kallon ƙwallo zai buɗe, abin da ya kamata ya fara sani shi ne masu shago duk wata talabijin mai faɗi marar ƙeya filasma suke ce mata, alhali iri biyu ne, filasma da LCD, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Filasma ta gaskiya an daina yinta. Panasonic da Samsung da LG duk sun rufe layinta a 2014, Pioneer ma ya riga su barin harkar, to in ka ga filasma ta ainihi yau a shago ka tabbata ta hannu ce kuma ta haura shekara goma, komi ƙyallin da anka goge mata.

Mataki na farko: ka gane wadda ke gabanka

Kada ka tsaya ga bakin mai shago, ka ce ya juyo maka bayanta ka karanta takardar da ke manne. In Samsung ce lambar ta fara da PS ko PN to filasma ce, in ta fara da LE ko LN LCD ce ta da, UA ko UE ko UN kuwa LED ce, wato sabon samfurin LCD. Na LG za ka ga P bayan lambar inci, misali 42P da sauran haruffa, Panasonic ma galibi da P ɗin a ciki. In takardar ta goge ka ɗaga ta ka ji, filasma mai inci 42 tana iya kai kilo 20 zuwa 30, mutum ɗaya da ƙyar, amma LED mai inci 43 ko kilo 10 ba ta cika kaiwa ba. Fuskar filasma gilashi ne mai tauri, ta LCD kuwa in ka ɗan danna da yatsa a hankali za ka ga hoton ya yi motsi a wurin. A hankali na ce, kada ka fasa ma mutum kaya.

Dalilin bambancin shi ne filasma cike take da ƙananan ramuka masu iskar gas, neon da xenon, in wuta ta ratsa su sai kowane ɗigo ya ba da haskenshi da kanshi. LCD ita ba ta da hasken kanta, fitila ce a baya tana haskawa, fanel ɗin gaba yana buɗewa yana rufewa don hoto ya fito. Na farko-farko dogayen fitilu ne a bayansu masu cin wuta, daga baya anka koma sa ƙananan ƙwayayen LED, shi ya sa wadda ake ce ma LED ɗin nan ita ma LCD ce, fitilar baya kawai anka canza.

Mataki na biyu: ka lissafa wutar gidanka kafin ka taɓa aljihu

Nan ne maganar take wallahi, kuma nan mutane suka fi faɗawa. Mutum zai ga filasma inci 50 ta hannu kuɗinta bai kai na sabuwar LED inci 32 ba sai ya ga ya tsinci dami a kala, ya kai gida ya kunna ƙaramin janareta sai ya ji injin ya canza murya, ga fanka ga dikoda ga cajin waya, shi ke nan kullum sai faɗa da mai gyaran janareta. Filasma mai inci 42 tana iya shan wat 200 zuwa 300, manyan sun wuce haka, kuma shanta ba tsaye yake ba, in hoton ya yi fari sosai sai ta ƙara ja. LED mai inci 32 wat 30 zuwa 50 ta ishe ta, mai inci 43 kamar 60 zuwa 80.

Mu ɗauka filasmarka wat 250 ce kana kallo awa 5 a rana, ka sha yunit 1.25 ke nan, a wata kusan yunit 37. LED mai wat 60 a wannan awa 5 ɗin yunit 0.3 ne, a wata yunit 9. Mai mita ya san me wannan ke nufi. Mai sola kuwa abin ya fi shafarshi, batir ɗaya mai 12V 200Ah in kana son ya daɗe rabinshi kawai ake sha, wato wajen wat 1200 na awa ɗaya, filasma za ta cinye shi kafin awa 5 ta cika, LED kuwa sai ka kwana kana kallo ka wayi gari da saura. Ni a ganina duk wanda sola ce madogararshi ko ƙaramin janareta ya cire filasma daga ranshi kwata-kwata, ko kyauta anka ba shi ya yi godiya ya saida. Akwai ma ƙananan LED da ke aiki kai tsaye da batir 12V ba sai da inbata ba, mutanen ƙauyukan da wuta ba ta kai ba su suka fi dacewa da su.

Sai kuma ka duba takardar bayan ko an rubuta 220 zuwa 240V ko 100 zuwa 240V, su ne namu. In 120V kaɗai ka gani kayan Amurka ne, kana sa ta a soket ɗinmu ba tare da taransifoma mai rage wuta ba ta ƙone nan take.

Mataki na uku: ɗakin da za ta zauna

Gaskiya a faɗe ta, in ɗaki da duhu hoton filasma daɗi gare shi. Baƙinta baƙi ne na gaske saboda ɗigon da ba a buƙata kusan kashe kanshi yake, kala tana fitowa tas, ƙwallo in ana gudu ba ta barin inuwa a baya, kuma wanda ke zaune can gefe jikin bango yana ganin abin da na tsakiya ke gani. Wanga ne ya sa har yau wasu masu gidan kallo ba su son rabuwa da ita. Amma da rana in taga tana fuskantarta gilashin ya zama madubi, kanka za ka riƙa gani da labule. LCD ta fi haske, falo mai tagogi ko shago ko rumfa ita ce daidai, matsalarta wasu in ka koma gefe kalar sai ta kwaɗe ta yi fari-fari, to tun a shago ka taka zuwa dama ka taka zuwa hagu ka gani da idonka, in iyali da yawa ne masu zama a tabarma ka ma durƙusa ka kalle ta daga ƙasa.

Ga kuma zafi. Wanda ya san bazarar Kebbi, Maris zuwa Mayu da zafi ke wuce digiri 40, ya san ɗaki mai rufin kwano ba silin ba ya buƙatar ƙarin wani abu mai fidda zafi, filasma kuwa ka sa hannu samanta bayan awa ɗaya ka ji. Zafin yana gajiyar da kayan cikinta, ƙurar hunturu kuma ta toshe ramukan shan iskarta.

Mataki na huɗu: gwaji a shago

Ka tafi da filash ɗinka, ka sa hotuna biyar a ciki, fari zalla, baƙi zalla, ja, kore, shuɗi, da ɗan bidiyon ƙwallo. Mai shago zai so ya sa maka nashi bidiyon mai furanni da tsuntsaye wanda ke ɓoye komi, ka yi mishi magana mai daɗi ka ce Alhaji a yi haƙuri a sa nawa.

In filasma ce farin hoton ne zai tona mata asiri. Cutarta ita ce duk abin da ya daɗe wuri ɗaya a fuskarta yana barin tabo, tambarin tasha a kusurwa, layin da ake rubuta ci nawa da minti nawa, layin labarai na ƙasa, in ta yi shekaru a gidan kallo ko wani otal za ka ga inuwarsu a kan farin kuma ba ya gyaruwa. Ka kasa kunne kusa da ita, ɗan ƙugi kaɗan al'adarta ne amma in kana jinshi daga nesa ka bar ta. In kuma tana ƙyas-ƙyas jar fitilar tana ƙiftawa kafin ta kama, bod ɗin wuta ya fara gajiya.

In LCD ko LED ce, a farin hoton ka nemi wurin da ya yi duhu ko ɗigo-ɗigon haske ko farin ya koma shuɗi-shuɗi, alamar fitilun baya sun tsufa ke nan. A baƙin hoto ka duba ko haske na tsiyaya daga gefe, a ja da kore da shuɗi ka nemi ɗigon da ya mutu. Layi ko da siriri ne daga sama zuwa ƙasa kada ka yarda a ce maka zai tafi da kanshi, ciwon fanel ne, kuma canjin fanel kusan kuɗin wata talabijin ne. Fitilun baya su kam masu gyara suna canzawa a kuɗi mai sauƙi, wanda shi ma dalili ne da nake fifita LED, kayan gyaranta na nan, na filasma kuwa sai an samu wata matacciya an ciro.

Ka bar ta kunne aƙalla minti 30 kuna hira, wasu sai sun yi zafi suke nuna halinsu. Ka gwada kowane ramin HDMI da na USB da rimot da sauti har ƙarshe. Tsofaffin da sunka zo daga Turai da yawa ba su kama tashoshin dijital na nan da kansu, amma in dikoda za ka sa ba damuwa in dai HDMI na aiki. Ka kuma riƙe tef ɗin awo, inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa ban da firam, 32 santimita 81 ne, 43 kuma 109, don ana saida ƙarama da sunan babba, ana kuma manna sunan babban kamfani jikin wadda ba tasu ba, ka lura ko sunan da ya fito lokacin kunnawa shi ne na jikinta. In an rubuta HD Ready ba Full HD ba ce, filasma inci 42 da yawa ɗigogin hotonsu a kwance da a tsaye 1024 da 768 ne kawai, Full HD kuwa 1920 da 1080.

Mataki na biyar: ciniki da kaiwa gida

Sabuwa a kwali ka karɓi rasit da katin garanti a rubuta lambar jikinta. Ta hannu ku yi yarjejeniya gaban shaida ko kwana nawa za ka iya maidowa, a rubuta a bayan rasit. Cikin kuɗin da ka ware ka bar na sitabilaiza ko aƙalla abin kariya da ke jinkirta wuta in an kawo ta, kuma in hadari ya taso da tsawa ka zare soket ka zare wayar dish.

In ka ƙare da filasma ka ɗauka, to a tsaye ake ɗaukarta, kada a kwantar da ita a bayan mota ko a ɗaura bisa mashin, gilashin nan mai nauyi in ya kwanta ana faɗawa ramuka a hanyar Argungu ko Zuru tsagewa yake daga tsakiya. Ka samu Keke Napep ko kujerar baya ta mota, a sa bargo, mutum ya riƙe. LED ma tsayen ya fi mata. Wurin kafawa a bango ka tabbata bulo ne mai ƙarfi, bangon ƙasa ba ya riƙe kilo 25, gara ka sa ta bisa tebur ka bar tazarar kamar tafin hannu a bayanta da samanta don iska ta samu wucewa.