Darasi na 7: Tare ruwan kwari da ganuwar ƙasa

To jama'a, darasin yau na mutanen tudu ne, waɗanda fadamar Rima ta yi ma nisa. Damananmu nan Sakkwato wata huɗu ce, Yuni zuwa Satumba, ruwa ya gangaro daga dutse ya bi kwari ya wuce abinshi, mu kuma a bar mu da rani. Dam na Goronyo da anka gama 1984 aikin gwamnati ne, amma ƙaramar madatsa ta ƙasa gari guda na iya tada ta da gayya, a samu na shayar da bisashe, a ɗan taɓa albasa da tattasai.

A nemi inda kwari ya tsuke, bayanshi kuma da faɗi. Sai ƙasa. Ku ɗebo ta ku jiƙa, ku murza a tafin hannu ta yi tsawo kamar igiya, in ta lanƙwasa ba ta karye ba to akwai laka, za ta riƙe ruwa. In ta marmashe rairayi ne, kar ma ku wahal da kanku.

Kafin a zuba ƙasa a share ciyawa da saiwa, a haƙa rami tsawon ganuwar har a taras da ƙasa mai ƙarfi, a cika shi da laka, in ba haka ba ruwa ta ƙarƙashi zai sulale. Zubi kuma kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15, a yayyafa ruwa a daɓe sosai sannan a ƙara wani. Nan mutane ke ha'intar kansu wallahi, an gaji rana ta yi, sai a tula ƙasa kawai a ce ai za ta zauna da kanta. Ba ta zama. Gefen ganuwa ya kwanta, kar a miƙe shi tsaye.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne mafitar ruwa. Ganuwar ƙasa ba ta jure ruwa ya hau kanta, da ya tsallaka sai ya fara cinta ta baya, dare guda an gama, kuma gidajen da ke gangare su za su kwana ciki. Wanda ya ga ambaliyar 2010 wajen Goronyo da Wurno ya san ruwa ba abin wasa ba ne. Don haka a yanka hanya mai faɗi a gefe, kan ƙasar asali ba kan wadda anka zuba ba, ta gaza saman ganuwar da kamar mita 1, a shimfiɗa mata duwatsu. Kuma don Allah kar wani ya toshe ta da buhuna wai ruwa ya ƙaru.

Ku dasa jema ta riƙe ƙasa, banda itace, saiwarshi na huda ganuwa. Ramin gafiya da gidan gara a toshe da wuri. Yara su daina wanka ciki saboda tsargiya. In tsawon ganuwar daga ƙasa zuwa sama zai wuce mita 3, a kira injiniya tukuna.

Aikin gida: kowa ya zo da ƙasar kwarinsu dunƙule guda, mu gwada ta a aji.