Kurakuran da muke yi wajen gyaran shasi da sitiyarin tsohuwar akori-kura

Duk mai tsohuwar Hilux da ke dakon hatsi daga Kumo ko Dukku zuwa kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya san wannan ciwon, mota ta fara ja gefe guda, taya na cinyewa ta ciki, sitiyari na lilo a hannu kamar ba a ɗaure shi ba. Toh abinda yawancinmu ke yi sai mu ruga wajen alaimen, wato saita tayoyi, a karɓi kuɗi, bayan sati abu ya dawo. Ni sau uku na biya kafin wani dattijon bakanike ya ce min "Malam shiga ƙarƙashi ka gani da idonka." Na shiga da tocila, yaronsa na murɗa sitiyari daga sama, sai ga tsaga a jikin shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da duk motar, daidai inda akwatin sitiyari ke ɗaure, tana buɗewa tana rufewa kamar baki. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi, don da wannan motar na sauko daga Kaltungo da lodi shekaranjiyan ranar.

Kuskuren farko kenan, fara gyara daga ƙarshe. Shasi ake fara dubawa, sannan tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) da boljoin (gaɓar da taya ke juyawa a kanta) da bushin (robobin mahaɗa), alaimen shi ne na ƙarshe. Kuma duba shasi ba sai da na'ura ba, a samu fili shimfiɗaɗɗe marar gangara a tsayar da mota, a ɗauko tef a auna a gicciye, daga ramin jikin shasi na gaba hagu zuwa takwaransa na baya dama, sannan a juya ɗaya gefen. In bambancin ya kai faɗin yatsa to ta karkace. A kuma auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe, don sau da yawa kusar tsakiyar sifirin ce ta karye aksil, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, ya zame, sai kaga mota na tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa, mai ita na ta zargin sitiyari alhali laifin na baya ne.

Inda aka fi ɓarna shi ne wajen walda. Mai walda ya ga tsaga sai kawai ya bi kanta da wuta ya shafa baƙin fenti, ya ce an gama, ba a gama komai ba, tsagar na nan a ƙarƙashi tana tafiya. Yadda ya kamata, a huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don ta tsaya nan, a goge bakinta da giranda ya buɗe yadda walda zata shiga har ciki, a yi, a goge, sannan a ɗora faci. Facin nan ma akwai magana. Kar ka yarda a yanko shi murabba'i a bi gefensa da walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa, sabuwar tsaga daidai gefen waldar zata fito, a yanka shi mai tsini gaba da baya kamar ganye don nauyi ya bazu. Kuma kaurinsa ya yi daidai da na shasin, wasu gani suke in an sa ƙarfe mai kauri sosai shi ne ƙarfi, a'a, shasi na ɗan lanƙwasa a kan gargada, in wuri ɗaya ya sandare sai kusa da shi ya karye. Kafin duk wannan a ƙwanƙwasa wurin da guduma, motar da ta daɗe tana ɗaukar takin zamani tsatsa na cinta ta ciki, in ƙarfen ya zama kamar gwangwani sai an yanke ruɓaɓɓen, walda bata kama tsatsa. A cire kan batir, a kula da tanki da bututun birki da wayoyi.

Sai masu gasa shasi da gas har ya yi ja don su miƙar da shi, wasu ma har su watsa masa ruwa. Wannan kashe ƙarfe ne. Da jak da sarƙa ake ja a hankali ana aunawa.

Kayan sitiyari kuma don Allah kar a yi musu walda ko kaɗan. Tayarod ya lanƙwashe, ko hannun da ke fita daga akwatin sitiyari ya tsage, canzawa ake yi ko da na Beljiyam ne mai kyau. Haka dukan kan tayarod da guduma ko cusa masa robar tub don ya daina ƙara, ƙarar ce ta tafi amma ranar da ya fita taya zata juya inda ta ga dama kana kan gudu. Kuma a duba fil ɗin da ke riƙe notin, an sha ɗaurewa a manta shi.

Hilux ɗin da suka fito kafin samfurin Vigo akwatin sitiyari ne dasu mai sukuru a sama na rage wasa, shi ma ana wuce gona da iri. Wasan sitiyari in bai wuce santimita 3 ba a bakin da'irar to ƙalau yake. In ya wuce, kuma an tabbatar ba daga boljoin ko tayarod bane, a ɗaga gaba a miƙe tayoyi, a riƙa ɗaurewa kaɗan kaɗan ana murɗawa ƙarshe zuwa ƙarshe. In aka matse da yawa sitiyari zai yi tauri ya daina dawowa da kansa bayan kwana, cikin akwatin kuma ya cinye. Masu fawa sitiyari, wato mai aiki da mai, jan man giyar atomatik ake zubawa, man birki na kumbura robobin ciki sai yoyo ya biyo baya.

Ƙara ganyen sifirin don a ɗau buhu fiye da ƙima shi ke jawo yawancin tsagar baya, sifirin ya ƙi lanƙwasa sai duk bugun rami ya koma kan shasi wajen maratayinsa. In an yi gyara, bayan lodi biyu ko uku a sake ɗaure notinan da ke riƙe sifirin da aksil, a haska wurin waldar da tocila, in kaga siririn layin jar tsatsa a kan fenti to tsaga ce ta sake tasowa, a koma kafin ranar kasuwa.