Yadda za ka mai da boks ɗin wifi na gida ma'ajiyar hotuna da bidiyo

Nan Tawa da wuya ka samu gidan da babu wanda ya tafi bida, wani Abijan wani Libiya wani Aljeriya, kuma in anka yi biki ko suna abin da suke fara tambaya shi ne a turo musu bidiyo. A tura ta WhatsApp ya matse shi har fuskar amarya ba ta fitowa da kyau, waya ta cika a goge, bayan shekara guda a nemi hoton tsohuwa a rasa. Abin ga yana damuna ƙwarai, alhali boks ɗin da ke ɗaki yana iya riƙe muna su duka.

Fara juya boks ɗinka ka duba bayanshi, in akwai ramin USB to aiki ya samu. TP-Link Archer da Asus da yawa suna da shi, da wasu Huawei masu cin sim kamar B315. Na Starlink ba shi da ramin, sai dai ka haɗa mishi wani boks ɗin.

Samu kile USB ko disk dir, amma ka lura da yadda anka formata shi. FAT32 ba ya ɗaukar fishiye guda da ya wuce giga 4, kuma bidiyon biki na mai kamera sau da yawa ya fi haka, don haka NTFS ya fi, kusan duk boks ɗin suna karanta shi. In disk ɗin yana ƙas ƙas yana ɓacewa yana dawowa, ba lalle ya lalace ba, wuta ce ba ta isar shi don ramin USB 2.0 miliampa 500 kawai yake bayarwa, ka nemi disk mai cajarshi daban.

Soka shi, ka buɗe Chrome a waya ka rubuta adireshin boks ɗin, 192.168.0.1 ga yawancin TP-Link, 192.168.8.1 ga Huawei, yana nan rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashinshi. Shiga sashen USB ka kunna Samba, shi ne mai buɗe dosiye ga wayoyi da ordinatar gidan, ka kunna DLNA, shi ne mai nuna hotuna da bidiyon a tele. Don Allah ɗan'uwa nan take ka sa suna da kod, kar ka bar admin admin, yaran unguwa da yawa suna da kod ɗin wifinka kai ma ka sani. Dosiyen takardu, na haihuwa, na fili, difloma, ka ware shi da nashi kod.

A waya sa VLC, manhajar kallon bidiyo, ka shiga wurin rezon gida za ka ga boks ɗin ya fito. A Windows kuma ka rubuta \\ da adireshin boks ɗinka, misali \\192.168.0.1, a saman mai buɗe dosiye. In ya ƙi, galibi boks ɗin tsoho ne mai SMB1, tsohon salon Samba, wanda Windows 10 ta daina kunnawa da kanta tun 2017, ka duba ko akwai sabon firmwaya, wato sabuwar manhajar boks ɗin. Abin da ya fi min daɗi shi ne duk wannan ba ya cin forfe ko mega ɗaya, ko intanet ta yanke, yara na kallo a tele, Hajiya na sauraren wa'azinta a waya, duk daga disk guda, babu a ba ni Xender a ba ni kile.

To saura buɗewa daga nesa, nan ne mutane ke asarar kuɗi da lokaci. Kafin ka taɓa komi duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba boks ɗin, da ke shafin farko na boks ɗin, sannan ka tambayi Google adireshin IP naka. In sun zo ɗaya ka dace. In na boks ɗin ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kai da mutane da yawa kuke raba adireshi guda, shi ake cewa CGNAT, kuma haka intanet ta sim take galibi, forfen gida na Starlink ma haka. Kamar gidan haya ne mai ƙofa ɗaya, wanda ya zo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba, ko ka kwana kana buɗe por, wato ƙofar shiga boks ɗin daga waje, ba zai yi ba.

Wanda ya dace da adireshi nashi sai ya kunna DDNS, wato suna mai tsayawa madadin lambar adireshin, TP-Link na ba da suna kyauta mai ƙarewa da tplinkdns.com, Asus kuma asuscomm.com, don ko lambar ta canza sunan na nan. Sannan ya kunna VPN na cikin boks ɗin, wato rufaffiyar hanyar shiga rezon gida daga nesa, OpenVPN ko WireGuard, ya fitar da fishiyen saitin ya tura ma yayanshi na Abijan, shi kuma in ya kunna wayarshi ta zama kamar tana tsakar gida. FTP kam, tsohuwar hanyar tura fishiye, ban yarda a buɗe shi ga duniya ba, kod ɗinka a fili yake wucewa babu rufi.

Mai CGNAT kuma hanyar da na fi so ita ce Tailscale, wani VPN da ba ya buƙatar buɗe por, kyauta ne ga mai amfanin kanshi. Ana buƙatar wata na'ura da ke kunne kullum a gida, tsohuwar ordinatar ko 'yar ƙaramar ordinatar nan Raspberry Pi, a sa mata shi a ba ta izinin isar da rezon gidan, na waje ma ya sa a wayarshi.

Sai dai ka gaya mishi gaskiya tun farko, saurin da zai gani shi ne saurin turawa na layin gida, kuma duk abin da ya jawo daga forfenku yake fita, gara ya sauke da dare ya kalla daga baya.

Kuran ma sai an yi mishi shiri, yankewa ana cikin rubutu na lalata disk. Yawancin boks ɗin volt 12 suke ci, ƙaramin ondilar na wifi ko batirin sola zai riƙe su. Lokacin zafin Afrilu da Mayu kar ka rufe shi cikin armuwar, ka ɗaga shi inda iska ke bugawa, ka dinga kakkaɓe ƙura. Hotunan da ba su da madadi kuma ka kwafe su a disk na biyu, ka kai gidan ƙanwarka ta aje.