Kurakuran da ke kashe tsohuwar abota a gardamar addini ta waya, da yadda ake gyara su

Wata bakwai na yi ba na magana da wani abokina da muka taso tare a Tudun Wadar Kaduna, wanda yana cikin mutum huɗun farko da suka ɗauki makarar mahaifina. Abin da ya raba mu bidiyo ne na minti biyu a kan Maulidi, da wani ya tura zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na firamare, bayan sallar isha, a watan Rabi'ul Awwal. Kafin ƙarfe ɗaya na dare na kira shi ɗan bidi'a, ya kira ni maƙiyin Annabi, ya fice daga zauren. Shekara talatin na zaman tare muka jingine saboda daren nan. Abin da zan faɗa a nan yawancinsa a jikina na koye shi.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne yi wa aboki gyara a gaban jama'a. A zaure mai mutum tamanin, abokinka ba ya karanta hujjarka, yana lissafin idanun da ke kallonsa ne. Ga masu zuga a gefe suna ta turo "Allahu Akbar, an kashe bakin tsanya". Ko da ya gane kai ke da gaskiya, ba zai iya sauka ba, don saukar ta zama faɗuwa. Malamai tun da can sun ce nasiha a asirce ake yin ta, idan aka yi ta a bainar jama'a ta koma tonon silili. Gyaran mai sauƙi ne a faɗa: ka fita daga zauren da maganar, ka kira shi. Na ce ka kira, ban ce ka rubuta ba. Rubutu ba ya ɗaukar murya. "Malam, ka ji tsoron Allah" idan ka faɗa kana murmushi a teburin mai shayi tsokana ce, amma idan ta zo a rubuce da tsakar dare, mari ce.

Sai kuma ɗaukar aboki a matsayin wakilin ƙungiya. Wannan ya fi yawa a garinmu. Kaduna ta daɗe da sanin saɓanin Izala da ɗariƙa: a masallacin Sultan Bello marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya yi shekaru yana tafsiri har rasuwarsa a 1992, a garin nan kuma marigayi Sheikh Ɗahiru Bauchi ya yi shekaru yana nasa tafsirin na azumi. Izala tun 1978 aka kafa ta a Jos. Ƙabalu da sadalu (kama hannu ko sakinsa a salla), Maulidi, ganin wata, duk an yi ta fafatawa a kansu tun kafin a haifi yawancin masu riƙe da waya a yau. Iyayenmu sun ji duka ɓangarorin a rediyo, suka kuma ci gaba da aurar wa juna 'ya'ya. Amma mu, da abokinka ya faɗi abu ɗaya, sai ka ɗora masa duk abin da wani mai wa'azi na ɓangarensu ya taɓa faɗa. Sai ka ji ana "ai ku dama haka kuke". Daga lokacin da "kai" ta koma "ku", ka daina magana da mutumin da ka sani. Ka tambaye shi abin da shi da kansa yake nufi. Sau da yawa za ka tarar bai ma yarda da rabin abin da ka jingina masa ba.

Laƙabi ya fi komai daɗewa a zuciya. Ɗan bidi'a, Bawahabiye, mushriki, arne, kafiri. Abokina ya manta hujjojin da na kawo a daren nan, ni ma na manta nasa, amma kowannenmu ya riƙe sunan da aka kira shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da munanan laƙubba, kuma hadisi ingantacce ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to kalmar za ta koma kan ɗayansu. Idan ta riga ta fita daga bakinka, ka ba da haƙuri a kan kalmar, ka ambace ta da sunanta. Ba sai ka canza ra'ayinka a kan mas'alar ba. Mutane da yawa suna ƙin ban haƙuri don suna zaton yana nufin sun yarda an ka da su. Abu biyu ne daban. Kana iya cewa, "Har gobe ban canza fahimtata ba, amma sunan da na kira ka da shi kuskure ne, ka yafe min."

Game da guntun bidiyo ba zan daɗe ba. Karatun awa biyu ake yanko daƙiƙa arba'in a ciki, a sa masa take mai zafi. Aya ta 6 a Hujurat ɗin nan ta ce a bincika labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Idan ba ka saurari abin da ya gabata da abin da ya biyo baya ba, kada ka tura. Haka ɗaukar hoton hirar da kuka yi ku biyu ka kai wani zaure don a taya ka. Wannan cin amana ne, kuma cikin duk kurakuran nan shi ne na ga ya fi wuyar gyaruwa.

Akwai abin da ya keɓanci Kaduna, wanda nake so abokaina Musulmi da Kirista su duba da kyau. Tun rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwambar 2002 da ya biyo baya, kogin Kaduna ya zama iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Waɗanda suka zauna gida ɗaya na haya, waɗanda iyayensu suka yi aiki tare a masaƙun Kakuri, sai aka wayi gari wannan yana Rigasa ko Kawo, wancan yana Sabon Tasha ko Narayi. Ga da yawa daga cikinmu, waya ce kaɗai wurin haɗuwar da ya rage. Ba tuwon sallah da ke tsallaka katanga, ba shinkafar Kirsimeti. To idan a wayar ma gardamar addini kawai kuke yi, me ya rage na abotar? Kuskuren a nan shi ne barin muhawara ta zama ita ce duk abin da ke tsakaninku. Kafin ka amsa masa abin da ya rubuta a Facebook, ka tuna yaushe rabon da ka tambaye shi jikin mama. Kuma kada ka taɓa abin da yake girmamawa. Aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin bautar wasu, don kada su rama da zagin Allah. A garin nan ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka yaƙi juna a zahiri, Wuye ya rasa hannu a rikicin 1992, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, suka dawo suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a 1995. Har yau kowa yana kan addininsa. Babu wanda ya nemi ɗan'uwansa ya sauka kafin su zauna.

Idan abin ya riga ya faru fa? Nan ne ake yin kuskure biyu a jere. Na farko jira, kowa yana cewa shi aka yi wa laifi. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ba da kwana uku ne kacal na ƙaurace wa juna, ya kuma ce mafificinsu shi ne wanda ya fara sallama. Ni na yi wata bakwai ina da'awar kare Sunna alhali ina take wannan. Toshe lamba da ficewa daga zaure suna sa ƙauracewar ta yi sauƙi, don ba za ku yi kiciɓis a hanya kunya ta kama ku ba. Idan ranka ya ɓaci, ka kashe data ka kwanta, ko ka rufe sautin zauren na mako guda, amma ka bar ƙofa a buɗe.

Na biyu shi ne zuwa sulhu da littafi a hammata. Ka je ban haƙuri, kafin a sha ruwa ka ce "amma fa maganar nan ka duba ta". An ruwaito cewa Imam Shafi'i ya yi muhawara da almajirinsa Yunus As-Sadafi a kan wata mas'ala suka rabu, daga baya ya haɗu da shi, ya kama hannunsa ya ce masa, ashe ba zai yiwu mu zama 'yan'uwa ba ko da ba mu dace a kan mas'ala ɗaya ba? Bai sake buɗe mas'alar ba. Idan kun san akwai batun da kullum yake ƙona ku, ku yi yarjejeniya a fili cewa wannan a bar wa malamai, ko kuma sai ido da ido.

Ni da ƙafa na je, don zumunta a ƙafa take. Ranar wata Asabar na hau Keke Napep bayan la'asar, na sayi lemo da ayaba na yara, na yi sallama a ƙofar gidansa. Ya fito da carbi a hannu, ya tsaya yana kallona. Na ce, "Mutumina, na zo ne a kan kalmar nan da na faɗa maka." Ya ce, "Shigo daga ciki, rana ta yi yawa." Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya aika a kawo ruwa. Muka yi hirar kuɗin makaranta da ciwon ƙafar mahaifiyarsa har aka kira magariba. A masallacin unguwarsu muka yi salla kafaɗa da kafaɗa, shi ya saki hannu, ni na kama.