Ruwa ya ci maka sito ko injin casa? Ga yadda ake neman tallafin da ba bashi ba

Motocin NEMA da na SEMA, hukumomin agaji na tarayya da na jiha, da ke shigowa gari bayan ambaliya ba don injinka suka zo ba, wannan ka fara sa shi a ranka. Su nasu agajin gaggawa ne, shinkafa da tabarma da bargo da gidan sauro, in an ci sa'a kwanon rufi da siminti. Kuɗin tayar da injin casa ko gyaran sito yana wani waje daban, amma kuma abin da mutane ba su gane ba shi ne, takardar da za ta buɗe maka can ɗin galibi daga hannun waɗannan ƴan agajin take farowa, in sunanka bai shiga lissafin waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna ba, to gobe da me za ka nuna cewa ruwa ya ci ka?

Don haka ranar da ruwa ya janye, kafin ka ɗauki tsintsiya ka ɗauki waya. Na san ran mutum a ɓace yake, buhunan shanshera sun kumbura sun fara tsiro, ga wari, so kake kawai a kwashe a zubar, amma ka daure. Ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a jikin bango, ka sa wani ya tsaya a gefen don a ga ko ya kai ƙugu ko ƙirji. Ɗauki injin ta kowane gefe har da ɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da lambarsa. Ka ƙirga buhuna a cikin bidiyo kana faɗin kwanan wata da sunan unguwa da bakinka. Sannan ka tura wa ɗan uwanka da ke wani gari ta WhatsApp, saboda waya na faɗawa ruwa ko ta ɓata. Daga nan sai wajen mai unguwa ko dagaci ya rubuta maka shaida ya buga hatimi, ka kai sakatariyar ƙaramar hukuma sashen gona, ka tabbata an rubuta ka a matsayin mai sana'a, kuma an rubuta me ka rasa, ba kawai "gida ya rushe" ba. Wannan bambancin wallahi shi ke kayar da mutane da yawa.

Af, kar ka kunna injin tukuna. Motar lantarkin injin da ta sha ruwa in ka ba ta wuta a jiƙe kwayil ɗin ne zai ƙone, abin da da busarwa kawai zai ishe shi ya koma sai an sake naɗi. In Lista ce mai gas, a juye baƙin mai da man tanki duka. Kira makaniki ya duba, ya rubuta maka kuɗin gyara a takardar shagonsa, ita ma wannan takardar tana cikin kayan aikinka. Masara da gyaɗar da suka jiƙa suka yi fumfuna kuma, don Allah kar a busar a tura kasuwa ko a ba kaji, gubar aflatoksin da ke cikinsu dafuwa ba ta kashe ta.

To ina kuɗin yake? Gaskiya ba wani ofishi ɗaya da aka rubuta "tallafin masu inji bayan ambaliya" a ƙofarsa, shirye-shiryen da dama can suna nan ne ake karkato su inda bala'i ya faɗa. Babba a cikinsu NG-CARES, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 750 tun lokacin korona, kuma jihohi ne ke tafiyar da shi. Ɓangaren noma yana bi ta ofishin Fadama, su ne ke raba iri da taki da kayan sarrafa amfanin gona, akwai kuma ɓangaren ƙananan ƴan kasuwa mai ba da kuɗin tallafi. Sai ACReSAL, dala miliyan 700, na jihohin Arewa 19 da Abuja, shi ya fi karkata ga zaizayar ƙasa da ruwa amma yana aiki da ƙungiyoyin al'umma. Ƴan Kano suna da KSADP, shirin noma da kiwo da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ɗauki nauyi, ƴan Neja da Taraba da Nasarawa da Kogi da Binuwai suna da shirin VCDP na IFAD, asusun raya noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, shi shirin kan shinkafa da rogo yake. Mutanen Arewa maso Gabas ga hukumar raya yankin, NEDC. Shirin irin wannan yana da wa'adi, wani ya ƙare wani a ƙara masa lokaci, saboda haka ka taka da ƙafarka zuwa hukumar raya noma ta jiharku, KNARDA a Kano, JARDA a Jigawa, ka tambayi malamin gona wanne ne ke karɓar suna yanzu.

Kuma ka yi tambayar nan tun daga bakin ƙofa: kyauta ne, ko bashi, ko kuwa na haɗin gwiwa? Da yawa na haɗin gwiwa ne, wato kai ka kawo wani kaso su cika sauran, sau da yawa ma ba kuɗi za a danƙa maka ba, injin za a kawo. Abin da Bankin Masana'antu da Bankin Manoma suka fi bayarwa bashi ne, akwai biya, wanda ruwa ya cinye wa jari bai kamata ya sa hannu a takarda bai san wanne ya karɓa ba.

Maganar takardu. NIN da BVN dole sunan ya zo iri ɗaya, in a nan Muhammad a can Mohammed ka je ka gyara tun yanzu. Asusun banki da sunan sana'a, rajistar CAC ta kamfanoni, lambar haraji, in da hali rajistar SMEDAN, hukumar ƙananan sana'o'i. In ba ka da CAC kar ka karaya, mafi yawan shirye-shiryen nan ma sun fi son ƙungiya a kan mutum ɗaya. Mata masu turara shinkafa ko masu ƙuli-ƙuli, ku haɗu ku yi rajistar ƙungiyar gama kai a jiha, ku buɗe asusu, ku riƙa rubuta taronku da adashenku a littafi. Ƙungiyar da aka kafa jiya da daddare don an ji labarin kuɗi ana gane ta, ba littafi ba tarihin asusu. In rasit ɗin injin ya tafi da ruwa, koma wajen wanda ya sayar maka ya sake rubuta maka, alat ɗin banki da littafin awon yaran shago duk shaida ce.

Inda nake ganin aka fi yin sakaci shi ne wajen rubuta abin da ake nema. Sai mutum ya cika shafi da kuka, na yi asara, ina da iyali, a taimaka. Kowa a layin nan ya yi asara, a ambaliyar 2022 sama da mutum 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu, a Maiduguri kuwa da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024 har Kasuwar Monday ruwa ya shiga. Mai duba fom so yake ya ga in ka tashi wa zai tashi tare da kai. Faɗa masa manoma nawa ke kawo maka shanshera, buhu nawa kake cashewa a sati lokacin kaka, yara nawa ke cin abinci a wajen, mata nawa ke sayen tsaki da dusa. Lambar gaskiya ka rubuta, don za su zo duba waje kuma za su tambayi maƙwabta.

Sannan kar ka nemi a mayar da kai yadda kake kafin ruwa. Wanda ya ce zai sake gina sito a kwarin da ruwa ya ci, da daɓe daidai da ƙasa, ya ba su dalilin ƙin sa da hannunsa. Sa a lissafinka cewa za a ɗaga daɓen sama da layin nan da ka ɗauka a hoto, a yi wa inji dandamalin kankare, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a yi magudana, a sayi tamfol na shanya da ƴar na'urar gwada danshi, shanshera dai sai ta sauko wajen kashi 14 cikin 100 take ajiyuwa. Buhun PICS mai rufi uku yana maganin ƙwari ba tare da feshi ba. In kana son shawarar gina wurin ajiya, cibiyar binciken adana amfanin gona, NSPRI, tana da ofishi a Kano. Kowane abu ka nemo farashinsa a rubuce daga dillalai biyu ko uku, ka ƙara kuɗin inshorar shekara guda, wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora ba akwai takaful, inshorar Musulunci.

Ƴan damfara kuma da ruwa suke zuwa. Link a WhatsApp mai hoton tambarin gwamnati, cike fom ka tura wa mutum 20, biya dubu biyar kuɗin rajista, turo lambar da ta shigo wayarka. Duk wanda ya nemi lambar nan ko lambar bayan katinka ɓarawo ne. Haka mai cewa yana da hanya a sama a ba shi kasonsa.

In Allah ya sa an dace, kuɗin yakan ɗauki watanni, wani lokaci kashi-kashi, sai an ga me ka yi da na farko a saki na biyu. Ka ajiye rasit na kowane buhun siminti, ka ɗauki hoton aiki yana tafiya, kar ka karkatar da shi biki ko biyan tsohon bashi. In kuma ba a dace ba, adana fayil ɗin a leda a wuri mai tudu, ka karɓi lambar jami'in da ya karɓi takardarka, zagaye na gaba da waɗanda takardunsu ke hannu ake farawa.